Filin Bakanike: Makulli ya juya, inji ya ƙi juyawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne, na yi ritaya. Ina da tsohuwar Toyota Corolla ƙirar 1996, mai giyar hannu. Kwanakin baya ta tsiro da wani hali: in na murɗa makulli sai in ji "ƙas" sau ɗaya, inji ko motsi bai yi ba. Wani lokaci in na yi ta maimaitawa sai ta tashi kamar ba ita ba. Aka ce batir ne, na sayi sabo. Ta yi kamar mako guda lafiya lau, sai ta koma gidan jiya. Yanzu wani ya ce in canja kik gaba ɗaya, wani kuma ya ce fulogi ne. In aka tura ta, nan take take tashi. Don Allah mene ne abin yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Da farko ka ajiye maganar fulogi gefe. Aikin fulogi ba ya farawa sai inji ya riga ya soma juyawa, don haka ba shi da ikon hana shi juyawar. Haka mai, haka famfon mai, haka kwayil. Motar da take juyawa ta ƙi kamawa ciwonta daban, wadda ko juyawar ba ta yi nata daban, kuma rashin raba biyun nan shi ke sa mutane sayen kayan da ba su da laifi.

Wasiƙarka ta rage mini rabin aiki. Tunda turi yana tayar da ita, injinka a sake yake, mai yana zuwa, wuta tana zuwa fulogi. Saura abin da ke tsakanin batir da kik: batirin kansa, manyan wayoyi biyu, silanoyid ɗin da ke goye a bayan kik (makunnin da ke sakar masa babbar wuta), sai kik ɗin, wato na'urar da ke juya inji in an murɗa makulli.

Akwai tambayar da zan yi maka da kana gabana: daga ina "ƙas" ɗin ke fitowa? In siririyar ƙara ce daga ƙarƙashin sitiyari ko daga akwatin fis, rile ne (ƙaramin makunnin da ke miƙa saƙon makulli) ya motsa, bai zama dole saƙon ya isa kik ba. In kuwa mai nauyi ce daga cikin inji, har kana jin ta a jikin mota, silanoyid ne ya buga. Ka buɗe bonet, ka sa wani ya murɗa, kai ka tsaya ka saurara. Daga yadda ka kwatanta, na fi zaton ta biyun ce. Ma'ana makullinka yana aiki, saƙo ya isa, silanoyid ya amsa. Babbar wutar da za ta juya kik ce ba ta wucewa.

Makon nan da ta yi lafiya bayan sabon batir ba shaida ba ce cewa tsohon ne mai laifi. Wanda ya canja maka batir dole ya kwance kawunansa ya sake ɗaurewa, wannan kaɗai yana kankare ɗan datti. Sannan sabon batir cike yake taf, yana da ɗan rarar ƙarfin da zai tsallake wurin da ya lalace na 'yan kwanaki. Da rarar ta ƙare sai ciwon asali ya dawo. An bar jaki ana dukan taiki.

Kafin ka nemi kowa, yi gwajin fitila, ba ya buƙatar kayan aiki. Kunna manyan fitilun gaba, ka fuskantar da motar ga bango, ka murɗa makulli kana kallo. In hasken ya dushe sosai ko ya ɗauke, wuta tana ƙarewa a hanya: ko batir ba shi da ƙarfi, ko kawunansa ba sa riƙewa, ko kik ɗin yana jan wuta fiye da kima. In hasken ya tsaya ƙyam bai ko girgiza ba, to kik bai ja komai ba, wutar ba ta shiga cikinsa ba ke nan.

Mutane sukan ce mini, "Ai Oga fitila tana kamawa, rediyo yana yi, ta ya za a ce waya ce?" Ga yadda lissafin yake. Fitilun gaba biyu, kowace mai wat 55, ba su wuce amfiya 10 ba in an haɗa (amfiya ma'aunin yawan wutar da ake ja ne). Kik na ƙaramar mota mai silinda huɗu yakan ja tsakanin amfiya 100 zuwa 200, na dizal ya fi haka nesa. A ce tsatsa ta kawo turjiya ta om 0.02 kacal a kan batir. In amfiya 10 ce za ta wuce, volt 0.2 za a rasa, ba wanda zai lura. In amfiya 150 ce, volt 3 sun tafi, daga cikin 12 da ake da su. Shi ya sa mahaɗar da ke kunna fitila tas take kasa juya inji. Kuma shi ya sa auna waya ba tare da an ɗora mata nauyi ba yaudara ce: wayar da silinta uku kawai suka rage a ciki za ta nuna maka 12 a mita, sai an murɗa makulli asirinta ke tonuwa.

Don haka awon da ke da amfani shi ne wanda aka yi makulli yana riƙe a wurin tayarwa. Ka samu ƙaramar mitar auna wuta, ko ka tsaya a kan mai wayarin ya yi a gabanka. Giya a firi, birkin hannu a ja, mutum ɗaya a kujerar direba.

A fara da batir yana hutawa, bayan motar ta kwana ba a taɓa ta ba. Gidaje shida ne a cikinsa, kowane yana ba da kusan volt 2.1, cikakke zai nuna 12.6. In 12.4 ne ya ɗan sauka, 12.2 rabi ke nan, 12.0 kuma ya kusa ƙarewa. In ka ga wajen 10.5, galibi gida ɗaya ya mutu, caji ba zai dawo da shi ba. Sai a murɗa makulli a riƙe. Batir mai lafiya bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. A lura da inda ake ɗora bakin mita: a kan dalmar batirin kanta, ba a kan maƙalar da ke damƙe da ita ba. Tsakanin dalmar da maƙalar nan ne farin garin nan mai kore-kore yake ɓuya, wani lokaci ma ba gari, wata baƙar fata ce siririya da ido ba ya kulawa da ita. Ka ɗora baki ɗaya a dalma, ɗaya a maƙala, a murɗa. Ya kamata mita ta tsaya kusan sifili. In ta nuna rabin volt ko fiye, ka gama bincike a nan.

In nan lafiya, sai a bi wayoyin. Baki ɗaya a dalmar fozitif, ɗaya a babban notin da wayar ta sauka a jikin kik. Abin da ya ɓace a hanya kada ya wuce volt 0.5. Sannan baki ɗaya a dalmar nagetif, ɗaya a gangar jikin kik ko wani tsabtataccen ƙarfe a inji. Nan ina so in ga 0.3 ko ƙasa. Wannan ɓangare na biyu shi aka fi mantawa da shi. Wutar da ta shiga kik sai ta koma batir, kuma ta jikin inji take komawa, ta bi wata waya mai kauri da ta haɗa inji da bodi da nagetif. A motar da ta kusa shekara talatin, wayar nan ta sha zafi, ta sha baƙin mai, ta sha girgiza, ƙila an taɓa sauke giyabos aka manta ba a ɗaure ta da kyau ba. Akwai gwaji mai sauƙi: ɗauki waya ɗaya daga wayoyin jona batir, ka maƙala ta daga nagetif zuwa jikin inji kai tsaye. In motar ta tashi garau, ka san wadda za ka canja. Na sha ganin motocin da wutar ta rasa hanya ta bi ta wayar totur ko ta kuloci har robar ta narke.

Ka kuma matsa jikin wayar fozitif da yatsa kusa da kanta. In ta kumbura, ko ta yi tauri, ko kana jin ƙurus-ƙurus a ciki, ruwan batir ya bi ƙarƙashin robar ya cinye tagullar. Wanke kan wayar ba zai yi mata magani ba.

To a ce batir ya riƙe sama da 12 ko da an murɗa, wayoyi duka lafiya, ga "ƙas" mai ƙarfi. A bayan silanoyid akwai manyan noti biyu: ɗaya wutar batir ke shiga, ɗaya take fita zuwa cikin kik. A auna na biyun yayin da makulli ke riƙe. In wuta ta shiga ba ta fito ba, tagullar da ke cikin silanoyid ce ta cinye. In ta fito cikakkiya amma kik bai juya ba, burushin da ke ciki ne ya ƙare, ko amecarsa, wato sandar da ke juyawa a cikinsa, ta samu matsala.

A motarka, Malam, in za a tambaye ni inda zan fara zargi bayan kawunan batir, tagullar nan ce. Yawancin Toyota na shekarun nan kik ɗin kamfanin Denso ne a jikinsu, kik ne mai ƙarko ƙwarai, amma an san shi da wannan. A cikin silanoyid ɗinsa akwai 'yan ɓallayen tagulla biyu da wani faifai da ke bugo su ya haɗa. Duk tayarwa ɗaya sai ɗan tartsatsi ya ci wani abu daga jikinsu, kuma na ɓangaren batir ya fi saurin cinyewa. In ɗaya ya fi ɗaya kauri sai faifan ya sauka a karkace, ya taɓa ɗaya ya bar ɗaya. Faifan yana ɗan juyawa duk bugu, shi ya sa in ka yi ta maimaitawa yakan dace da wuri mai kyau ta tashi. Alamarka ke nan sak. Ana sayar da tagullar da faifan daban, sukurori uku ne ke riƙe da murfin, aikin bai kai awa ɗaya ba in an sauke kik ɗin. Ni dai ban ga dalilin yar da kik na asali a ɗauko wanda ba a san tarihinsa ba saboda ɓallaye biyu. In an buɗe, a duba burushi a lokaci guda, kada a sauke sau biyu.

Za a ce maka ka riƙa ƙwanƙwasa shi da sifana. Gaskiya ne yana tayar da mota, don girgizar tana sa burushin da ya ƙare ya ɗan taɓa. A matsayin gwaji na yarda da shi, bugu kaɗan da ƙotar guduma. Amma kik da yawa na zamani maganaɗisu ne manne a cikin gangarsu, bugu mai ƙarfi yana fasa shi, daga nan gyara ya ƙare sai saye.

Abu biyu kafin in bar ka. In ta tashi, ka auna batir inji yana aiki: tsakanin 13.8 da 14.5 ake nema. Ƙasa da 13 yana nufin altaneta ba ta caji, sabon batirinka ma zai bi sahun tsohon. Sannan duk wanda zai sa sifana a kik ko batir ya fara cire nagetif, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa. A cire zobe da agogon ƙarfe. Babbar wayar kik a yawancin motoci ba ta da fis, in sifana ta haɗa ta da bodi sai ta yi jawur a hannu. Batir kuma yana fitar da iskar haidurojin, ba a kusantarsa da taba ko ashana.

Tambaya: Motata Honda ce mai giyar atomatik, ta haura shekara ashirin. Wani lokaci in na murɗa makulli duk fitilun dashbod suna kamawa, amma shiru, ko "ƙas" babu. Ɗana ne ya gano in aka jijjiga sandar giya tana tashi. Wani ya ce zai sa mini maɓalli a gefe in riƙa dannawa, a huta. In yarda?

Amsa: Hajiya, kada ki yarda. Ɗanki ya riga ya gano ciwon, saura a yi maganinsa. A motar atomatik akwai wani makunni a jikin giyabos da ba ya barin saƙon makulli ya isa kik sai giya tana P ko N. Da tsufa, ko dai cikinsa ya yi datti, ko ya goce daga saitinsa, ko robar da ke bakin wayar giya ta cinye, sai sandar ta nuna P alhali can ƙasa bai gama shiga ba. Ran da ta sake yi, ki taka birki, ki kai giya N, ki murɗa. In ta tashi, magana ta tabbata. Sau da yawa kwance noti biyu ne a daidaita shi a ɗaure, wani lokaci a canja robar.

Maɓallin da ake so a sa miki tsallake makunnin zai yi. Daga ranar, motarki za ta iya tashi tana D ko R. Mantuwa ɗaya ta isa, ga yaro a gaban mota ko bango a baya. Motoci masu giyar hannu da yawa ma suna da irinsa a ƙarƙashin fedar kuloci, saboda wannan dalilin.

In an gwada N ba ta tashi ba, sai a bi siririyar wayar da ke shiga silanoyid, wadda a zanen wayarin motocin Turai ake sa wa lamba 50. A sa fitilar gwaji a bakinta a murɗa makulli. In ta kama, saƙo yana zuwa, laifin na kik ne ko na bakin wayar da ya saki. In ba ta kama ba, a koma baya: fis, rile, sai gindin makulli. Rile yana da sauƙin gwaji, a musanya shi da wani mai lamba iri ɗaya a cikin akwatin. Ki kuma tuna ko an taɓa sa wa motar na'urar hana sata bayan fitowarta daga kamfani. Masu sa ta wannan siririyar wayar suke yankewa su ratsa da ita ta cikin akwatinsu, kuma yawanci murɗe ta suke yi da hannu su naɗe da salatif. Bayan shekaru, nan ne wuri na farko da ke saki.

Kada kuma a wahalar da mutane da turi. Famfon da ke ba giyar atomatik ƙarfi inji ne ke juya shi, in inji a kashe yake tayoyi ba su da hanyar juya shi.

Tambaya: Oga, na ratsa ruwa mai zurfi da mota, tana tsakiya ta mutu. Muka turo ta waje. Yanzu in na murɗa sai ta yi "gum", fitilu su dushe, shi ke nan. Mun jona da batirin wata mota, duk ɗaya. In nemo batirin babbar mota?

Amsa: Ƙanena, cire makullin ka sa a aljihu. Kowace murɗawa da kake yi yanzu tana iya ƙara maka asara. Alamu sun nuna inji ya shaƙi ruwa ta hanyar iska. Fistin yana iya matse iska da mai, amma ruwa ba ya matsuwa. In ya cika saman fistin, inji ya tsaya cak, in aka tilasta shi sandar da ke riƙe da fistin ce ke lanƙwashewa, wani lokaci ta karye ta huda bulok. Batirin babbar mota, in mai volt 24 ne, zai haɗa maka da ƙona kayan wuta.

Buɗe gidan filtar iska. In ta jiƙe, ka samu amsa. A cire fulogi duka, a sa sifana a babban notin fulin da ke gaban inji, a juya da hannu a hankali. Za ka ga ruwa yana fitowa ta ramukan fulogi. In ya zagaya sau biyu ba tare da ya cije ba, sai a cire fis ɗin famfon mai da wayar kwayil, a juya da kik 'yan daƙiƙu ya fesar da sauran. Ka zaro sandar auna baƙin mai: in ya koma fari-fari ko ya haura alama, ruwa ya shiga, a zubar a canja har da filta kafin a tayar. Bayan nan a auna matsin kowace silinda. Wadda ta fi sauran ƙasa sosai, akwai yiwuwar sandarta ta lanƙwashe, ko da motar ta tashi tana tafiya.

Wannan juyawa da hannu gwaji ne da ya kamata duk mai tsohuwar mota ya sani, ko ba ruwa. Motar da ta daɗe a ajiye, ko wadda ta yi tafiya ba baƙin mai, tana iya ba da irin wannan "gum" ɗin. In inji ya ƙi juyawa da sifana, kafin a yanke masa hukunci a cire bel a sake gwadawa. Altaneta ko kwamfiresan AC da ya cije yana iya riƙe inji har kik ya kasa, mai mota ya shiga tashin hankali a banza.

Tambaya: Tawa in na murɗa sai in ji "wiiii" kamar fanka, amma ba ta tashi. Wani lokaci kuma ƙara mai ban tsoro kamar ana niƙa ƙarfe.

Amsa: Malam, a buɗe bonet a kalli bel yayin da ake murɗawa. In bel bai motsa ba, kik yana juyawa shi kaɗai ne: ɗan haƙorin da ke bakinsa, wanda ake kira bendis, ko bai fita ya kama fulawil (babban faifai mai haƙora da ke bayan inji) ba, ko ya kama yana sulɓewa. Ana canja shi ba sai an canja kik ba. Ƙarar niƙan kuma haƙoran fulawil ne suka cinye a wani wuri. Inji mai silinda huɗu kusan kullum a ɗayan wurare biyu yake tsayawa in an kashe shi, don haka haƙoran wuraren nan ne ke shan bugu. In giyar hannu ce, sa ta a giya ta huɗu, makulli a kashe, ka ɗan tura motar gaba kaɗan, ka mayar firi ka murɗa. In ta kama lafiya, fulawil ne, kuma gyaransa sai an sauke giyabos, don haka a haɗa da aikin kuloci in lokacinsa ya kusa. A duba notin da ke riƙe da kik ma, in sun saki haka yake yi.

In kuwa bel yana juyawa, inji yana gudu da sauri fiye da yadda ka saba ji, sumul ba wannan tangal-tangal ɗin na matsi, ka daina murɗawa. Wataƙila bel ɗin tayimin ne ya tsinke, kuma a injuna da yawa fistin yana dukan bawul in haka ta faru. A buɗe murfin sama a duba kafin a sake taɓa makulli. Ko a wane hali, kada a riƙe kik fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 a jere, a bar shi ya huce kamar minti ɗaya kafin a sake.